Ba Yasasshe Ba Ne Tukuna

Wendell Tackett bai yi sallama ba.
Daren da jirgin tama na ƙarshe ya bar Duluth,
kafin tabki ya daskare,
fitilar ɗaki na huɗu ta mutu, ba ta sake kamawa ba.
Wata biyu ina ƙwanƙwasawa.
Ƙofa ba ta amsa, ba ta kuma biyan haya.

Na buɗe da mabuɗina.
Takalmin walda, ƙafa ɗaya tsaye, ɗaya kwance.
Kasko da ƙwai ya bushe a ciki.
Rediyo, bargo biyu, gwangwanin ƙusoshi,
da kwat mai nauyi rataye bayan ƙyaure.
Wa ke fita ba kwat a garin nan cikin Janairu?

Na je wurin lauya Solveig Rantala da zafina:
ya tsere, ya bar min tarkace,
gobe zan kira motar shara.
Ta cire tabarau, ta ce, Orrin, zauna.
Bari daban, yasarwa daban.
Doka ba ta tambayar ina mutum yake,
tambayarta me ya nufa.
Kaya ba ya zama yasasshe don mai shi ya yi nisa,
sai ya sake shi da hannu,
ya kuma sake shi da zuciya.
Na hannu ka gani. Na zuciyar fa?

Na ce, ina zan ga zuciyar wanda ko lambar waya bai bari ba?
Ta ce, shi ya sa aka yi takarda.
Ƙirga, rubuta, ɗauki hoto,
kai su inda ruwa ba ya zuba.
Aika masa wasiƙa a adireshinsa na ƙarshe,
ka jira kwanakin da aka yanka.
Kafin nan ba naka ba ne, ba tsintuwa ba ce,
ajiya ce ta faɗo maka a wuya,
ko ka so ko ka ƙi.

Adireshinsa na ƙarshe gidana ne.
Na sayi kan sarki, na taka ƙanƙara har gidan waya,
bayan kwana biyu masinja ya dawo da ita
ya zura a akwati na huɗu, ƙasan matakala.
Mabuɗin akwatin ma yana aljihuna.

An ce mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo.
Ɗakin nawa ne shekara ashirin da shida,
amma sai da na kai abu na talatin da ɗaya a lissafi
na lura da tukunyar fure a bakin taga.
Kusa da ita kwalba babba, ta ƙafe.
An yagi ƙyalle daga tsohuwar riga,
bakinsa ɗaya a kwalbar, ɗaya binne cikin ƙasa,
don ruwa ya riƙa tsiyaya a hankali.
Na tsaya da biro a hannu.
Wanda ba ya nufin dawowa
ba ya yaga rigarsa saboda fure.

Kwanaki sun cika ran Talata.
Solveig ta bugo: doka ta kwance maka hannu,
sayar, cire bashinka, rarar ka riƙe masa.
Rediyo ya tafi dala tara.
Takalman sun yi wa ɗan maƙwabta daidai.
Kwat ɗin na kasa sa masa farashi.

Ƙanƙara ta fara tsagewa a bakin tasha.
Jiya jirgin farko ya yi kuka ƙarƙashin gada,
na bar shayi ya huce, na leƙa titi.
Sabon ɗan haya zai tare ran Asabar.
Furen yana kicin ɗina, ya fid da ganye uku.
A takardar lauya akwai layin abin da aka sayar,
akwai layin abin da aka zubar.
Ban sa shi a ko ɗaya ba.
Da safe na sake cika kwalbar.